Yarinyar da Na Gani a Ɗakin Ƙurya

Ba zan taɓa mantawa da wunin bikin nan na ƙauyen Dagumawa ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta.

Watana biyu da aure lokacin, ban gama sanin dangin mijina ba. Bayan azahar, rana ta take, aka aike ni ɗakin ƙurya in ɗauko kwanuka. Tsohon gidan ƙasa ne, kuma tun a mota mata ke ta labarin 'yan ruwan kogin Wudil (ni na fi kowa yi musu dariya).

Ɗakin duhu, shiru, kiɗan tsakar gida ma kamar daga wani gari yake zuwa. Na sunkuya ke nan sai na ji numfashi. A bayan gado, wata yarinya ce zaune a ƙasa, ba za ta wuce shekara uku ba, gashinta 'yan tsiraru, rigarta sharkaf. Ko ƙifta ido ba ta yi. Sai ta yi mini murmushi. Dasashi zalla, babu haƙori sai biyu a sama, masu tsini kamar ƙusa.

"Ruwa," ta ce a hankali.

Jama'a, Ayatul Kursiyyu ta ɓace mini, addu'ar cin abinci na kama. Na watsar da kwanukan, na fito ba ɗankwali ina ihu: "Aljana! 'Yar ruwa a ɗaki!"

Kiɗa ya tsaya. Mata suka yi cirko-cirko, an rasa mai shiga. Sai Anti Rabi, 'yar baffan mijina, ta ratsa mu ta shiga, ta fito da yarinyar a kafaɗa, yarinyar na ta kuka.

"'Yata ce, Hafsatu," ta ce, ba ta ko ɗaga murya ba. "Haka Allah ya halicce ta. Likitan haƙori a Kano ya yi mata hoto, ya ce sauran haƙoran babu su ma a cikin dasashin. Gumi ma ba ta yi, shi ya sa na jiƙa mata riga na ajiye ta a inuwa. In ta ƙara girma za a sa mata na roba."

Wata tsohuwa ta miƙo mini ɗankwalina, ta ce, "'Yar nan, ba ke ce malamar makarantar ba?"

(Ni ce. Kimiyya nake koyarwa.)

Na durƙusa na ba Anti Rabi haƙuri, ta yafe. Hafsatu kuwa har yau in ta hango ni sai ta toshe bakinta da hannu, wannan ya fi ihun yi mini ciwo. Yanzu in na ga yaron da ban gane lamarinsa ba, shiru nake yi, in tambaya ina uwarsa.