Ranar da Na Riƙe Maɓallin Oba-Oba

Lokacin da arzikin mai ya fara shigowa, ina malamin asibiti a wani ƙauye kusa da Roni, gwamnati ta kawo mana rediyon oba-oba don kiran likita a Kazaure. Kwas na kwana biyu na yi a kansa, amma na dawo ina taƙama kamar ni na ƙera shi.

Wata Laraba da hantsi aka kawo Baffa Jauro, dattijon makiyayi, maciji ya sare shi. 'Ya'yansa suka cika ɗakin. Na ce, "Baffa, kwantar da hankalinka, yau za ka ga aikin ilimi."

Na danna maɓalli na nemi mota, na ji shiru. Ashe sai an saki maɓallin ake jin amsa, ni kuwa na riƙe shi gam. Haushi ya kama ni, na dubi jama'a na ce, "Ai likitan nan mai tumbi kamar randa, in ya sha fura ko bindiga ba ta tashinsa."

Da yatsana ya gaji na saki, sai ga muryar likita tangaran: "Mai tumbin ya ji. Mota ta taso tun ɗazu. Oba." Asibitocin Babura da Gwiwa ma duk suna saurare.

Baffa ya warke. Likita bai taɓa tada maganar ba, sai dai in mun haɗu ya shafa cikinsa. Har yau, ko gaisuwa na tsawaita, jikokina sai su ce, "Kaka, saki maɓallin."