Farautar Koci Tulley a Texas

Duk wanda bai taɓa ganin Koci Rayford Tulley yana saukowa daga mota ba, bai san abin da ake kira saukowa ba. Ƙafar dama ce kan fara fitowa, cikin takalmin fatar kada. Sai a ɗan dakata, a ba jama'a damar nutsuwa. Daga nan tumbi ya biyo, sannan baƙin tabarau, a ƙarshe hula mai tambarin kwalejinmu. Mu mutanen Harlow Bend, a nan jihar Mississippi, mun daɗe ba mu dace da babban mutum irinsa ba. Shi da kansa yake tuna mana haka kullum, don kada mu manta mu shiga haƙƙinsa.

Kwalejin ta ɗauke shi ne mataimakin koci, mai nemo mata 'yan ƙwallo. Amma wannan suna ya yi masa kaɗan, sai ya sa aka buga allo a ƙofar ofishinsa: Babban Daraktan Farautar Haziƙai na Ƙasa Baki Ɗaya. Allon ya fi ƙofar faɗi, dole ya ci rabin ƙofar banɗakin da ke gefe. Mu kuwa masu karin kumallo a shagon abincin Earlene, Maharbi muke ce masa. Da ya ji, ya ji daɗi ƙwarai. Bai taɓa tambayar dalilin da ya sa muke dariya ba.

A garinmu, in ka cire coci ranar Lahadi, babu abin da ya kai ƙwallon Asabar, ƙwallon nan tamu ta hular kwano da bangaza da ɗauka-ka-ruga. Ƙungiyarmu, Tarwaɗun Harlow, ta shekara bakwai ba ta ci wasa sama da biyu a kaka ba. Mutane sun fara zuwa fili da littafin karantawa. A irin wannan hali Allah ya jefo mana Maharbi.

Ranar da ya fara shigowa shagon Earlene, bai zauna ba. Ya tsaya tsakiyar shago, ya ɗaga kofin kofi kamar mai riƙe da kambu.

"Jama'a, bari in gaya muku gaskiya don ina ƙaunarku. Matsalarku ita ce kuna ɗaukar 'ya'yan maƙwabta. Yaron da ka san uwarsa, ka san inda yake aski, ta yaya zai zama gwarzo? Gwarzo daga nesa yake zuwa. Ni ba na kallon yaro sai na tsallake iyakar jiha aƙalla biyu. Ku ba ni shekara ɗaya, zan cika muku garin nan da ƙarti har sai kun faɗaɗa ƙofofi."

Muka tafa. Earlene ta ƙara masa soyayyen ƙwai kyauta, abin da ba ta taɓa yi wa mijinta ba.

Bai yi ƙarya ba, ya kawo ƙarti. Huɗu ya kwaso daga Dakota ta Arewa, ƙasar sanyi da ƙanƙara, jajaye, kowanne kamar firij. Abin da Maharbi bai lissafa ba, don manyan mutane ba sa duba ƙananan abubuwa, shi ne zafin watan Agusta na garinmu. Yaran ba su taɓa sanin iska tana iya zama miya ba. Kwana na uku aka tsinci ɗayansu a kanti, ya buɗe firjin kaji ya zura kai ciki yana kiran sunan uwarsa. Kafin a buga wasan farko duk huɗun sun koma gida. Aka kuma kawo wani mai jifa daga California. Shi da ya iso ya tambayi ina teku, aka nuna masa kududdufin kiwon kifi na bayan makaranta. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya nemi a mayar da shi tashar jirgi.

"Tacewa ce," in ji Maharbi. "Da gangan nake yi. Wanda ya gudu, dama ba namu ba ne."

Babban koci, Dewey Strickland, mutum ne da kan yi mako bai faɗi kalma ashirin ba. Ya kira Maharbi ofis, ya rufe ƙofa.

"Rayford, mutum ɗaya nake so. Ɗaya tak, mai gudu. In baɗi ta zama kamar bana, ni da kai duk za a tattara mana kaya."

A lokacin ne sunan Tay Broussard ya fara yawo. Wani yaro ne a gabashin Texas, ɗan ajin ƙarshe na sakandare, wanda aka ce in ya karɓi ƙwallo sai dai a jira shi a ƙarshen fili. Manyan jami'o'i na ta layi a ƙofar gidansu. An turo wa Maharbi bidiyon wasansa da takarda mai bayanin tsawo da nauyi. Bai buɗe ko ɗaya ba.

"Bidiyo na makafi ne. Ni in na shiga ɗaki, ƙanshin ɗan wasa nake ji."

Wata Lahadi a Disamba, bayan an taso coci, ya faka mota a ƙofar gidan Mis Odessa Broussard, kakar yaron, wadda ita ta raine shi. Ya yi saukowar nan tasa cikakkiya, ko da yake kare ɗaya ne kawai a titin.

Jikoki biyu tsohuwar take riƙo, 'ya'yan 'ya'yanta maza biyu, sa'annin juna. Akwai Tavion, akwai Tavaris, kuma duk unguwa Tay ake kiran kowannensu. Tavion ne mai gudun, siriri, ba shi da tsawo, in ka gan shi cikin kayan coci sai ka ce mai zagayawa da farantin sadaka. Tavaris kuwa ƙato ne, wuyansa ya kai cinyar wani. Bai taɓa sa hular kwano ba a rayuwarsa. Shi ɗan badujalar makaranta ne, yana busa ƙaton ƙahon tagullar nan da ke zagaye jikin mutum, bakinsa ya buɗe sama da kai.

Tavion ne ya buɗe ƙofa. Maharbi ya cire kwat ya miƙa masa ba tare da ya dube shi ba. "Rataye min wannan, samari." Ya wuce falo, ya hango Tavaris ya cika kujera mai cin mutum biyu. Ya tsaya. Ya cire tabarau a hankali. Ya ja numfashi ta hanci.

"Ga shi nan. Ba sai an nuna min ba. Zaki, miƙe in gan ka!"

Tavaris ya miƙe don ladabi. "Yallaɓai, ina ga Tay ɗin da kake nema..."

"Na same shi! Dubi ƙirji. Mama, me kike ba yaron nan?"

"Abin da nake ba ɗan'uwansa," in ji Mis Odessa. "Koci, zauna ka ji. Wannan busa yake yi."

"Busa! Haka ne, Mama, kin iya magana. Busa su yake kamar iska. Ni ma haka ake ce min a zamanina."

Daga nan aka shiga zamaninsa. Awa biyu da rabi aka yi a ciki. Ya ba su labarin wasan da ya kusa bugawa a shekarar da ƙungiyarsu ta kusa cin kofi. Ya cinye kwano biyu na miyar kuɓewa da jatan lande a kan shinkafa, ya bi da burodin masara, ya shanye tulun shayi mai ƙanƙara. Tavion na zaune a kusurwa yana danna waya, yana cije leɓe. Sau biyu Tavaris ya sake buɗe baki, sau biyu Maharbi ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kada ka gode min, Zaki. Tawali'u ne zai kashe ka."

Da ya zo kan tayi, ya miƙe tsaye. "Shekara huɗu, Mama. Karatu, ɗaki, abinci, littattafai, duk a wuyan kwaleji. Ko ƙafarsa ta karye, ko bai taɓa ƙwallo ba, ba mai taɓa masa gurbinsa. Ni Rayford Tulley na faɗa."

Mis Odessa ta shekara talatin tana dafa abinci a makarantar firamare. Tavion ya riga ya ba wata babbar jami'a alƙawari. Tavaris ne ke hana ta barci, don yana son karatu, makinsa na da kyau, amma ba wanda ke layi a ƙofa saboda mai ƙaho. Ta ajiye cokali, ta dubi baƙon.

"Koci, zan sake faɗa maka, don ni mai zuwa coci ce. Wannan Tavaris ne. Ba ya buga ƙwallo. Shi kake so?"

"Mama, ba ya buga ƙwallo, waƙa yake rerawa da ita! Ni ba a gaya min ɗan wasa."

"To, Ubangiji ya ji ka. A rubuto min a takarda."

A watan Fabrairu aka sa hannu. Sunan Tavaris Broussard na nan ɓaro-ɓaro a layin farko, amma karanta takarda aikin sakatarori ne. A ranar, muna zaune a shagon Earlene muka ga wani siririn yaro a talabijin, an ce Tay Broussard ne, yana ɗora hular wata babbar jami'a, alamar ita ya zaɓa. Muka juya muka dubi Maharbi.

Ya yi dariya har da dukan tebur. "Wannan? Na san shi, shi ya rataye min kwat! Ragowar da na bari ce suka tsinta. Ku jira ku ga na gaske."

Strickland ya tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce, "Dewey, na ci abinci a gidan." Magana ta ƙare.

Ranar da na gasken zai iso, rabin gari na bakin fili. Maharbi ya sa an kafa allo a hanyar shigowa, hotonsa shi kansa a kai, sunan yaron a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Tsohuwar motar Mis Odessa ta tsaya. Tavaris ya fito, jama'a suka yi shewa, don girma kam akwai. Ya zagaya ya buɗe but ɗin motar, ya ciro wani baƙin akwati mai girman baho.

Strickland ya kira yaron cikin fili. Ya sa shi ya yi gudun yadi arba'in. Yaron ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Allah ya sani. Da ya iso, Strickland ya dubi agogo, ya girgiza shi, ya kara a kunne.

"Ɗana, wane gurbi kake bugawa?"

Tavaris na haki, idonsa ya kawo ruwa. Mutum ɗari biyar na kallonsa. "Yallaɓai, layin baya, kusa da masu ganga. Sau uku na yi ƙoƙarin gaya masa, wallahi. Kaka ma ta gaya masa."

Mis Odessa ta buɗe jaka, ta zaro takarda cikin leda, ta miƙa wa Strickland. "Shekara huɗu, ko bai taɓa ƙwallo ba. Ga sa hannun mutuminku, ya fi na kowa girma." Lauyan kwaleji ya karanta sau uku, ya ce babu ƙofar fita.

Ba wanda ya yi dariya a lokacin, saboda yaron. Ya koma ya zauna kan akwatinsa ya sunkuyar da kai. Sai ga Madam Lorna Gaddis, shugabar badujalar kwaleji, wadda ke atisaye da 'yan busarta goma sha tara a inuwar bayan fili. Ta shekara shida tana roƙon a samo mata mai babban ƙaho, ana ce mata kuɗin na ƙwallo ne. Ta dubi akwatin, ta dubi yaron.

"Buɗe, ɗana, mu ji."

Ya saɓa ƙahon ya busa. Tattabarun da ke kan rufin 'yan kallo suka tashi gaba ɗaya. Mu da ke tsaye mun ji sautin a haƙarƙarinmu. Madam Gaddis ta kama hannunsa ta tafi da shi, ko waiwaye ba ta yi ba.

Kakar wasan ta zo ta wuce, wasa ɗaya muka ci. Amma fili ya riƙa cika, abin da aka daɗe ba a gani ba. Mutane kan zo dab da hutun rabin lokaci, su saurari badujala, su koma gida kafin 'yan ƙwallo su dawo su ɓata musu rai. A Disamba 'yan busa suka je gasar kwalejojin kudu suka dawo da kofi, na farko da ya shigo garin nan cikin shekara ashirin. Strickland, bawan Allah, aka sallame shi. Maharbi kuwa, a bikin karɓar kofin, shi ya fara isa kan mumbari.

"Da na shiga falon nan a Texas, na ga abin da ƙananan idanu ba sa gani. Sun ce na yi kuskure. Ni ba na kuskure, gaba nake yi wa mutane nisa."

Hukumar kwaleji ta zauna don ta kore shi. Madam Gaddis ce ta hana. Ta ce mai gangarta zai gama karatu bana, tana buƙatar wani, a tura Koci Tulley Florida ya nemo mata. Shugaban hukumar ya ce to, za a sanar da shi a rubuce cewa mai ganga ake so.

"A'a, don Allah kada ku gaya masa," in ji ta. "Ku ce masa ɗan ƙwallo muke nema."