Ranar da Ɗan Aike Ya Tona Asirin Baba Alhaji

Komai zai iya fita kaina, amma ba zan taɓa mantawa ba da abin da na jawo ma Baba Alhaji, shugaban ƙungiyar manomanmu a Tambuwal.

Yayana Nasiru ne ya haɗa ma ƙungiyar wani Ɗan Aike a waya, irin ƙirƙirarriyar basirar nan. Ka yi mai magana da baki, shi zai zaɓi kayan aikin da ya dace: akwai na duba farashin gero, na hasashen ruwan sama, na tura saƙo ga mutum guda, da na shela ga 'yan ƙungiya duka. Shi bai san kowa ba, bai san garinmu ba, sai bayanin da aka rubuta mai a kan kowanne. Ni aka ba aikin rubuta bayanin (sakandare ban gama ba, amma a bakin tasha ni ne farfesan waya).

Yaya ya ce, "Rubuta awa kana ma baƙon da ya sauka yau bayani. In ka ƙare, ka jarraba shi da buƙatu masu rikitarwa, ka ga ko zai ɗauki na daidai."

Na ce, "Yaya, wanga ai aikin shan shayi ne." A teburin mai shayin kuwa na yi shi. Na mutum guda na sa, "Wannan na aika saƙo." Na shela na sa, "Wannan na isar da saƙo da gaggawa." Jarrabawa kuma, na tambaye shi farashin gero, ya faɗa, na ce ya ci.

Ashe Baba Alhaji ba ya lafiya. Likita ya ce sai an yi mai aiki a Sakkwato, sai Baba Alhaji ya ɓoye ma kowa, musamman tsohuwarshi Inna, mai hawan jini. Ya ɗauki waya ya ce ma Ɗan Aike, "Shaida ma ƙanena Bello a Kebbe, da gaggawa, za a yi min aiki a ciki, shi zo shi kai ni. Kada Inna ta ji."

Ɗan Aike ya ji gaggawa, ya duba bayanina, ya yi shela. Har da "kada Inna ta ji".

Kun san mutanenmu da dubiya. Kafin la'asar babura sun cika ƙofar gida, daga Jabo, Sanyinna, Dogon Daji, wani da fura, wani da kaza a rataye. Hayaniyar ce ta fito da Inna, tana dogara sanda. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi ɗanta ta ce, "Ashe ni ce baƙuwa gidan ga."

Da mutane suka ragu, Yaya ya ja ni zaure gaban Baba Alhaji. Na fara, "Wallahi sabis ne..." (ƙaryar da ba ta taɓa ba ni kunya ba sai ranar). Yaya ya rufe sunayen kayan aikin da yatsa, ya nuna min bayanan biyu.

"A ce kai ne Ɗan Aiken. An ce a gaya ma mutum guda, da gaggawa. Wane za ka ɗauka?"

Na duba, na sake dubawa, na nuna na gaggawa. Ni da na rubuta su da hannuna. Na ji awa ƙasa ta tsage in shige.

Baba Alhaji ya ce a hankali, "Ƙyale shi, Nasiru. Ni na yahe. Shiga ka ba Inna haƙuri."

Na shiga na durƙusa gabanta. Ta dube ni.

"Kai ne mai wayar?"

"Ni ne, Inna."

"Ba don shirmenka ba, sai an yanka min ɗa sannan in ji. Tashi. Amma ka sani, shi ka kwance ma zane a kasuwa."

Da ita aka tahi Sakkwato, kuma Allah ya sa an yi aikin lahiya. Ni kuwa yanzu kowane bayani sai na faɗi mi abin ke yi, wa zai ji saƙon, da inda ba a taɓa shi, sannan in ba wanda bai san komai ba ya zaɓa in gani. Duk surutuna, wuri guda aka taɓa buƙatar in yi doguwar magana, nan ne kuma na yi rowa.