Ranar da Na Faɗi a Gaɗa

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da wata la'asar a lungunmu na Ƙonni ba.

Bayan na fita takabar Malam, gidan ya yi mani faɗi. Da can ƙofarmu ba ta rabuwa da mutane, don nan yake dara da abokansa. Da ya rasu, kowa ya ja ƙyaurensa. Yara su dawo daga lakwal, wato makarantar boko, su shige ɗaki da waya, ba mai ratsa lungun sai 'yan kabu-kabu. Ɗana da ke Yamai ya bugo ya ce, "Inna, ba zan bar ki kina magana da bango ba. Bayan kaka zan zo in ɗauke ki." Ni kuwa ɗakin da Malam ya cika a ciki, ba zan iya barinsa ba.

Sai na ƙudura in nuna masa ina cikin mutane. Na bi gida-gida da sandata ina roƙon a fito da yara ran Juma'a a yi wasa a ƙofar gida. Maƙwabciyata Hassi ta ce, "Yaya, ke da gwiwarki ke kuka in kin tashi, wane wasa?" Amma ita ta fara fitowa da tabarma.

Aka tare bakin lungu da turame. Samari suka kama langa, dattawa suka tona ramukan dara. Har surukina, mijin ɗiyata, ya zo daga Tsarnawa, ya durƙusa can nesa ya gaishe ni. 'Yan mata kaɗai suka tsaya cirko-cirko, wai ba su san gaɗa ba.

Na jingine sanda na ce su kewaye ni. Na koya masu tafi. Na ce ta tsakiya takan yi waƙa, ta ambaci wanda take so, sannan ta saki jiki ta faɗa baya. (Ban ce sauran su cafe ta ba. A zamaninmu ba a faɗar wannan, kowa ya sani.)

Da tafin ya zauna, waƙar da na yi tun ina budurwa ta dawo mani da kanta. Na manta furfura, na manta suruki. Na ɗaga murya na kira sunan Malam, sunansa na yanka. Tun ranar da aka kai ni ɗakinsa bai ƙara fita daga bakina ba, ko yanzu da ake rubuta mani wannan ba zan maimaita ba. Na kira shi duk lungu yana ji, na saki jiki.

Yaran kirki, sai suka dare suka ba ni wuri.

Na zube ƙasa tim, ƙafafu sama, kallabi ya yi nasa waje. Surukina ya juya yana kallon katanga kamar shi ya gina ta. Hassi ta rufe mani kai tana cewa, "Tashi, Yaya, kin gama da mu." Na kasa tashi. Kuka nake, kuma ba na ƙugu ba ne.

Can sai Nomau, tsohon abokin darar Malam, ya ce a hankali, "Tun da muka rufe shi ban ji an kira sunan nan ba." Ya sa hannun riga ya share ido. Ba wanda ya yi dariya. (Sun ajiye ta sai washegari.)

Ƙugun ya kwantar da ni. Matan lungu suka riƙa zuwa yi mani gashi, wannan da koko, waccan da fura, suna kirana amaryar gaɗa. Juma'a ta zagayo, suka fitar da yara ba tare da ni ba, ina jin tafinsu daga gado. Da ɗana ya zo, bai samu wurin zama a ɗakin ba. Ya daɗe a bakin ƙofa yana kallo, sannan ya ce, "Inna, sai kin warke mu yi magana." Na warke, bai sake tada ta ba.

Yanzu in zan saki jiki, sai na waiga na faɗa wa na bayana su tare ni. Wanda a da yake tare ni ba sai na faɗa masa ba, yana cikin ƙasa.