Na'urar Da Ba Ta Taɓa Musa Wa Mijina Ba

Zuwa ga Mai Girma Babban Manajan kamfanin da ke ƙera 'yar na'urar nan ta auna ruwa mai kama da alƙalami, uban lambobi, gatan masu haɗa magani a ɗakin girki.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da ku, da fatan ma'aikatanku suna lafiya, kowa da launin fatar da uwarsa ta haife shi da shi. Ni tela ce, shekara talatin da huɗu ina kan keke, kuma shekarun aurena ke nan. Mijina mai gyaran rediyo ne, har duniya ta daina kawo rediyo gyara. Yana da ciwon sukari, kuma yanzu yana da gyambo a babban yatsan ƙafarsa ta hagu. Likita ya ce in bai koma asibiti ranar Alhamis ba, nan gaba ba maganar wanki da ɗauri za a yi ba, maganar yankewa za a yi. Shi kuwa ya ce ba inda za shi, domin na'urarku ta ce goma.

Bari in yi muku bayani, ko da yake na san manya ba su cika son dogon zance ba. Shekara biyu da suka wuce wani abokinsa ya nuna masa a waya cewa in aka tsoma wayoyin azurfa biyu a ruwan batir, aka haɗa su da lantarki, ruwan yakan zama maganin kowace cuta. Aka ce masa matuƙar ƙarfin ruwan bai wuce goma ba, ba ya cutarwa. To wa zai faɗa masa ya kai goma ko ya wuce? Sai ku. Tun ranar da na'urarku ta shigo gidana, kwalbar da nake zuba maɓallai ta zama ɗakin binciken kimiyya, ni kuma na zama jahilar da ba ta san lamba ba. Ga 'yan koke-kokena, cikin ladabi.

Na ɗaya. Ina jinjina wa wanda ya yi tunanin sa ɗan sukurun nan a bayan na'urar. Takardarku ta ce a tsoma ta a ruwan saiti da ke cikin 'yar leda, a murɗa sukurun har lambar fuskarta ta yi daidai da ta jikin ledar. Madalla. Sai dai leda ɗaya tak kuka sako, kamar mai ba da sadaka yana jin zafi, kuma a ranar farko ta ƙare. Takardar ta ƙara da cewa duk lokacin da aka ga lamba ta kauce, a sake saiti. Ranka ya daɗe, kun san wa kuka faɗa wa haka? Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana murɗa sukuru har tasha ta kama. Da farko rabin awa yake barin wayoyin a ruwa, na'ura ta ce goma. Daga baya ya ƙara lokaci don maganin ya yi kyau, ta ce goma sha takwas. Sai ya girgiza kai, ya ce saiti ya kauce, ya ɗauko sukudireba ya murɗa har ta dawo goma. Yanzu tun safe yake jona wuta sai rana ta yi sanyi, ruwan ya koma kamar na wankin tukunya, na'urarku kuma tana nan a kan bakanta. Ni da na aure shi ma ban taɓa yi masa biyayya irin wannan ba.

Na biyu. A sana'ata, tef ɗin awo ba ya jin kunyar kowa. Mace za ta rantse ƙugunta talatin da biyu ne, tef ya ce arba'in, ta yi fushinta ta gama, a yanka arba'in. Da ina da tef mai sukuru a baya, da tuni rabin matan unguwa sun daina iya numfashi a cikin rigunansu. Shin a makarantar da injiniyoyinku suka yi, ba a koya musu cewa ma'aunin da ake iya lallashi ba ma'auni ba ne?

Na uku, kuma a nan nake neman ƙarin ilimi. Wata rana da ya fita, na ɗauki na'urar na tsoma a ruwan famfo, ta ba ni lamba. Na barbaɗa gishiri kaɗan, lamba ta yi tsalle. Na ɗumama ruwan, ta sake magana. Ban sa ko ƙwayar azurfa ba. 'Yarmu, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta ce abin da na'urar ke ji kawai shi ne yadda lantarki ke ratsa ruwa, ba ta san bambancin azurfa da gishiri ba, kuma asalinta don masu kiwon kifi da masu tace ruwan sha aka yi ta. To me ya kawo hoton wayoyin azurfa da kofi mai ƙyalli a jikin kwalinku? Ko kifayen ne suka ce a sa musu ado?

Na huɗu. Na nemi gargaɗi a takardarku, har da gilashin zura zare a allura, na kuwa same shi. Kun ce kada a bar na'urar a rana, kada ta faɗi, kada batirinta ya jiƙe. Allah ya saka da alheri, lafiyar na'ura ta samu kulawa. Game da mai sha kuwa, ko uffan.

Na biyar. Mijina baƙi ne mai sheƙi, shi ya sa ma na kalle shi sau biyu tun farko. Yanzu dasashinsa da faratansa da fararen idonsa sun yi toka-toka, fuskarsa ta yi launin tsohon cokali, har maƙwabta sun raɗa masa Baba Cokali. Suna faɗa a gabansa yana dariya, shi a zatonsa yabo ne. Likita ya ce azurfar ce ta zauna a fata, kuma ba ta fita. Na nuna masa madubi, ya ce hasken ɗakin ne. Na fito da shi tsakar gida, ya ce ido ai ba ya ba da lamba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A gidanmu dai kun yi wa ido ritaya.

Na shida. Akwai wata na'urar a gidan, ta gwajin sukari, wadda 'yarmu ta kawo masa. Ita wannan ba ta da abin murɗawa a baya, abin da ta gani shi take faɗa. Saboda haka ya tura ta ƙasan akwatin tsofaffin rediyo tare da ƙwayoyinsa, wata bakwai ke nan. Gyambon kuwa da ruwan kwalba yake wankewa safe da yamma. Ni ke wanke safarsa, na san abin da hancina ke ji. Ina jin tsoro, ranka ya daɗe, kuma ina jin haushi, ban ma san wanne ya fi yawa ba.

Ba diyya nake nema ba, kada lauyanku ya tashi daga kujera. Na yi magana, 'yarsa ta yi kuka, ƙanensa ya yi faɗa, likita ya zana masa ƙafa a takarda ya ja layi inda wuƙa za ta bi. Duk ya ce ra'ayinmu ne. Ku kaɗai yake ji. Don haka ina roƙon jimla ɗaya, a kan takarda mai tambarinku da hatiminku da sa hannu mai lauje-lauje irin na manya: cewa wannan na'ura ba ta san azurfa ba, kuma goman da aka murɗo da sukudireba ba goma ba ce. Ba sai kun ba da haƙuri ba, na san yana da nauyi a bakin kamfani. Ta dai iso kafin Alhamis.

In kuma ayyuka sun yi muku yawa, ba komai, na fahimta. Na iya naɗe ƙafar wando ɗaya in ɗinke ta a gwiwa yadda ba za ta ja ƙasa ba. Na taɓa yi wa maza biyu, matansu suna zaune a benci suna kallon bango. Wanduna bakwai mijina yake da su, duk ni na ɗinka, kuma jiya na kama kaina ina auna na farko da ido.

Ina durƙushe a gaban iliminku mai zurfi, wanda ba ya kaucewa sai an murɗa.

Taku mai biyayya, ko da yake ban kai na'urarku ba,

Tela, matar Baba Cokali