Uban 'Yancin Matan Batangas

Duk lardin Batangas babu mai kishin 'yancin mata kamar Don Procopio Dimayuga. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma mai farar kwat da sandar azurfa ai ba ya ƙarya. Har laƙabi ya raɗa wa kansa: Uban 'Yancin Mata. 'Yan kasuwa dai Zakaran Dandali suke ce masa, don a ganinsa sai ya yi cara gari ke wayewa.

A 1937 aka ce sai mata dubu ɗari uku a faɗin ƙasar sun jefa ƙuri'ar amincewa kafin a ba su 'yancin zaɓe. Don Procopio ya ɗauki abin da zafi. Burinsa ɗaya ne, hotonsa ya fito a jaridar Manila.

Kowace Lahadi bayan coci yakan hau dandali yana kaɗa sanda. "Mata, ku fito daga kicin! Ni na buɗe muku ƙofa!" Matarsa Doña Sinang ba ta taɓa jin jawabin ba, tana gida tana gugar kwat. Da ta ce za ta je rajistar masu jefa ƙuri'a, cewa ya yi, "Sinang, ai na wakilce ki. Ki dai ƙara wa wuyan rigar sitaci."

Ta ƙara sitaci. Ta kuma yi rajista, ita da mata arba'in da ta bi gida-gida ta tattaro da kwandon cefane a hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ranar zaɓe ya doshi makarantar da aka ajiye akwatin ƙuri'a, mai hoto na biye da shi. Malamar da ke bakin ƙofa ta tare shi.

"Don Procopio, yau mata kaɗai ke shiga."

"Yarinya, ba ki san ni ba? Ni ne Uban…"

"Madalla, da ma uba muke nema."

Nan take wata mai sayar da kifi ta ɗora masa jaririnta, ta shige. Wata ta ƙara masa nata. Sinang ta karɓe sandar don hannunsa ya samu sarari, ta bi layi. Jaririn farko ya jiƙa farar kwat, daidai lokacin da mai hoto ya ga abin ɗauka.

Ƙuri'u suka zarce adadin da ake nema. Hoton kuwa ya fito, a shafin farko ma. A ƙarƙashinsa aka rubuta: "Mijin Doña Sinang, jagorar matan garin, yana raino."