Rasuwar Wamba na Gidan Sualihu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gida mai cike da shirun da ba a saba da shi ba, Malam Sualihu mai doya na zangon Yendi yana sanar da dangi na Salaga da surukai na Bawku rasuwar Wamba, ɗan tsanan auduga na ɗiyarsa Hikmat. Ya cika ranar Talata da hantsi a kan teburin mai gyaran rediyo, cikinsa a buɗe. Wanda zai yi dariya ya yi, Sualihu bai hana ba, amma ya karanta har ƙarshe tukuna.

Marigayin ya shigo ƙasar nan ne cikin dilar gwanjo. A kasuwar Bawku Muniratu, matar Sualihu, Allah ya jiƙanta, ta tsinto shi: gajere, mai kauri, ruwan ƙasa, ba wuya ba wutsiya. An sha gardama kan asalinsa. Mutanen Bawku suka ce gafiya ce ta ƙoshi. Wani maƙwabci a Yendi ya rantse alade ne, a fitar da shi daga gidan Musulmi. Muniratu malamar ƙananan yara ce, ba ta barin magana a rataye. Ta bincika ta gano sunan dabbar wambat, mazauninta Ostireliya. A cikinsa kuma akwai ɗan akwatin ɗaukar murya, sai ta goge Turancin da ya zo da shi ta ɗora nata darasin. Tun daga ranar, in aka matsa cikin Wamba, da Hausarta ta Bawku, wadda ba ta bambanta mace da namiji, yake magana:

"Hikmat, zauna ka ji. Wambat yana zama cikin rami, shi yake tonawa da farcenshi. Rana ya yi zafi, yana barci. Rana ya faɗi, ya fita ya ci ciyawa. Kashinshi kusurwa huɗu, kamar sukarin kwali. Kar ka yi dariya! In kare ya bi shi, ya shiga rami ya toshe ƙofa da ɗuwawunshi. Mamanshi yana da aljihu a ciki, bakin aljihun yana kallon baya, don in yana tona rami, ƙasa kar ya shiga idon yaro. Ka ji? To, tashi ka yi wanka."

Daidai inda take hana dariya, ita kanta dariyar take yi. A bayanta ana jin murfin tukunya yana faɗuwa.

Muniratu ta rasu bara, wayarta kuma ta yi ƙafa a hayaniyar makoki. Abin da ya rage na muryarta a gidan nan, kaf, yana cikin Wamba. Ya riƙe amanar nan ba ragi ba ƙari. Bai taɓa gajiya da maimaici ba, bai taɓa tona asirin wanda ya matsa shi ba. Sualihu, babban mutum da gemunsa, ya san dalilin da batir ke ƙarewa alhali yarinya tana makaranta.

Ciwon ajali ya same shi a Salaga, jajibirin Babbar Salla. A gidan Hajiya Asana, mahaifiyar Sualihu, ba abin da ke shiga Salla da dauɗa, daga tabarma har murfin randa. Ta ga jikarta rungume da abu baƙi ƙirin. "Ba za a ce marainiya ta zo gidana da ƙazanta ba," in ji ta. Ta jiƙa shi da sabulun salo, ta murje shi tas, ta shanya shi ta kunnuwa. Ba wanda ya taɓa gaya mata abin da ke cikinsa. Ba a zarginta, kuma a daina kiranta ana tambaya, don tsohuwar tun ranar ba ta iya haɗiye tuwo.

An binne shi a buhun shinkafa kamar yadda ake yi wa wayar da ta sha ruwa. Ya farfaɗo, amma ba yadda aka san shi ba. Muryar ta yi nauyi, tana jan jiki, kamar mai magana daga ƙasan rijiya. Sannan ya fara magana ba tare da an taɓa shi ba. Wata rana da azahar, gida ba kowa, Sualihu yana alwala, sai ya ji daga ɗaki an ce, "Hikmat... zauna..." Buta ta suɓuce masa. Tsoro ya ji, tsoro na gaske, amma ɗakin ya ruga ba waje ba.

Haka kalmomin suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ciyawa ta tafi, rami ya tafi, dariyar ce ta fi jimawa. Mai gyara ya duba tsatsar da ta cinye akwatin, ya girgiza kai. Ya haɗa bakin wayoyin akwatin guda biyu, marigayin ya ce, "Ka ji?" Kafin Sualihu ya amsa, an gama.

Marigayin ya bar Hikmat, wadda har yanzu take matsa cikinsa tana kara kunne. Ya bar Hajiya Asana, da sababbin batir biyu da ba su san me ya faru ba, da dangi a Ostireliya da ba a san yadda za a sanar da su ba. Ya bar Sualihu, wanda ɗiyarsa ta tambaya jiya, "Baba, muryar Mama siriri ne ko babba?" Ya buɗe baki zai amsa, sai ya tarar shi ma bai tabbata ba.

Liman ya ce ba a yi wa auduga salla, Sualihu kuma bai yi musu ba. Za a ɗinke cikin marigayin a mayar da shi gadon Hikmat. Zaman makoki ranar Juma'a ne bayan la'asar, a gidan Sualihu, bayan rumfunan doya. Ba a son goro, ba a son shinkafa. Wayoyinku ake so, sababbi da tsofaffin da ke kwance a ƙasan akwati. Duk wanda Muniratu ta taɓa aika wa saƙon murya, na Bawku ko na Salaga, don Allah kada ya goge, ko gaisuwa ce, ko cinikin atamfa, ko faɗa ta yi masa. Ko da tari kawai ta yi kafin ta kashe, a kawo.